Layin default: Inda Kuɗin Mutane Ke Salwanta a Manhajojinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Kwanar Dangora ko a kasuwar Tudun Wada ya san wannan ɗan lokaci na jira. An saka kati, an danna lambar sirri, sai na'ura ta fito da amsa. A bayan wannan amsa akwai wata lamba da banki ya turo. Idan 00 ce, an amince. Idan 51 ce, kuɗin asusu bai isa ba. 55 na nufin an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuma bankin mai kati ne bai amsa ba. Waɗannan lambobi sun fito ne daga tsarin ISO 8583, kuma akwai wasu da dama bayansu. Abin tambaya shi ne, me manhaja za ta yi ranar da aka turo mata lambar da mai rubuta ta bai taɓa gani ba?

A harsunan C, Java, JavaScript da PHP, da umarnin switch ake yin irin wannan rabon. Aikinsa kamar na ɗan kamasho ne a tasha. Fasinja ya ce Kiru, a nuna masa motar Kiru. Wani ya ce Bebeji ko Riruwai, kowa a kai shi layinsa. Kowane gari shi ne case. Layin default kuwa shi ne abin da ɗan kamasho zai yi idan aka ambaci garin da ba shi da motarsa. Na kirki zai ce babu, a dakata ya tambaya. Wanda ba ya tsoron Allah zai cusa fasinja a motar da ta kusa cika. Manhajoji da yawa da matasa ke rubutawa a yau irin na biyun ne.

Kuskuren farko shi ne barin default gaba ɗaya. A C ko JavaScript babu abin da zai tilasta wa mutum ya rubuta shi. Idan ƙima ba ta dace da kowane case ba, manhaja za ta tsallake shiru ta ci gaba kamar komai lafiya. Babu saƙo, babu tarihi, sai ranar da mai shago ya zauna lissafi ya ga giɓi.

Kuskure na biyu ya fi muni, wato sanya default ya yi hasashe. A ɗauki manhajojin sayar da data da katin waya. Ana duba farkon lamba: 0803 na MTN, 0802 na Airtel, 0805 na Glo. Sai mai rubutu ya ce duk abin da ya rage a tura MTN, tunda su ne suka fi yawa. Ranar da aka fito da sabon jerin lambobi, ko wani ya rubuta lambarsa da 234 a gaba, ciniki zai tafi inda bai dace ba, a cire kuɗi, data ba ta iso ba. Ga shi kuma tun 2013 hukumar NCC ta ba da damar mutum ya sauya kamfani da lambarsa, don haka farkon lamba ma ba hujja ba ce cikakkiya.

Haka abin yake da sunayen wurare. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma fom ɗin rajistar manoma ko na ɗalibai yakan raba mutane da su. Wani zai rubuta Tudun Wada, wani T/Wada, wani Tudunwada a haɗe. A wurin JavaScript waɗannan abubuwa uku ne daban. Idan default ya zuba duk wanda bai gane ba a cikin birni, manomin da ke gefen dajin Falgore zai wayi gari sunansa na jerin wata ƙaramar hukuma, takinsa ya tafi can.

A harkar biyan kuɗi hasashe ta kowane ɓangare asara ce. Idan default ya ce ciniki ya yi alhali bai yi ba, mai POS ya miƙa tsabar kuɗin da ba za su shigo masa ba. Idan ya ce bai yi ba alhali an cire, mai kati zai sake sakawa a cire masa sau biyu, sannan ya kashe kuɗin mota da yini guda yana bin banki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna yadda ƙauyuka suka dogara da waɗannan na'urori. Amsar da ta dace ita ce ta uku: ba a tabbatar ba, a dakata. Manhaja ta ajiye lambar da ta zo da lokacin da ta zo, ta sake tambayar banki matsayin cinikin, ta gaya wa mai amfani gaskiya da harshen da zai fahimta.

Masu PHP na da ƙarin tarko. Umarnin switch nasu kwatanci mai sassauci yake yi, don haka rubutun "0" zai iya faɗawa cikin case na "00", wato a ɗauke shi a matsayin amincewa tun kafin a kai ga default. Shi ya sa PHP 8, da ya fito a 2020, ya zo da match mai tsaurin kwatanci, wanda ke tsayar da aiki da kuskure idan babu abin da ya dace. Python ya samu nasa match a siga ta 3.10 a 2021. Rust da Swift kuwa ba sa yarda a harhaɗa manhaja sai an rufe kowace ƙofa.

Akwai masu cewa default na ɓoye kuskure, kuma suna da gaskiya a wuri ɗaya. Idan jerin ƙimomin rufaffe ne, mai rubutu ne da kansa ya ƙayyade su a matsayin enum, barin default na ba wa manhajar harhaɗawa irin GCC damar yin gargaɗi idan an ƙara sabon abu aka manta da shi. Amma wannan bai shafi abin da ke shigowa daga waje ba. Amsar banki, lambar waya da abin da mutum ya buga da yatsa ba sa bin jerin kowa.

Saboda haka ya kamata mai koyo ya riƙa fara rubuta default kafin sauran, ya sanya shi ya ƙi aiki, ya ajiye tarihi, ya sanar. Sannan kafin ya miƙa manhaja ga mai ita, ya gwada ta da lambar banza, da fili babu komai, da T/Wada. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Manhajar da ta ce ba ta gane ba za ta ɓata wa mai ciniki minti biyu ne kawai, wadda ta yi hasashe kuwa za ta iya cinye jarin mai POS na mako guda.