Jirgin da Aka Raɗa wa Suna Albarka

Ɗalibin da ya tashi a Boɗinga ko Shagari, wanda bai saba ganin jirgin ruwan da ya wuce kwalekwale ba, yana iya ɗauka cewa labarin jirage masu aiki da tururi na mutanen bakin teku ne kawai. Malamai da dama ma haka suke ɗaukarsa, su tsallake shi. Wannan kuwa kuskure ne, domin bakin zaren labarin ya biyo ta ƙasar Sakkwato.

A shekarar 1827 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya mutu a Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai gano inda kogin Kwara yake faɗawa teku ba. Baransa, Richard Lander, shi ya binne shi, shi kuma ya komo a 1830 ya bi kogin har bakinsa. A 1832 wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya taso da Lander daga Ingila da jirage biyu masu tururi don ciniki a kogin. Ƙaramin cikinsu suka sa masa suna da kalmar Hausa, Albarka, ko da yake Alburkah suka rubuta. Tsawonsa ƙafa 70, gangar jikinsa kuwa fallayen ƙarfe ce da aka ɗinke da ƙusoshi. Shi ne jirgin ƙarfe mai tururi na farko da ya yi doguwar tafiya a babban teku. Tafiyar dai ba ta yi albarka ba, don cikin Turawa 48, tara kaɗai suka tsira, akasari zazzaɓi ya cinye sauran. Amma jirgin bai nitse ba.

To, me ya hana ƙarfe nitsewa? Duk abin da aka ɗora bisa ruwa yana ture wani ruwan gefe, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin abin da aka ture. Shi ya sa ƙusa take nitsewa, kwanon sha kuwa ya yi ta yawo a randa, alhali duka ƙarfe ne. Da yake fallen ƙarfe ba ya bukatar kauri kamar katako, jirgin ƙarfe ya fi sauƙin nauyi, ba ya shiga ruwa da zurfi. Abin da kogi mai tudun rairayi yake so ke nan.

Shi wannan Laird yana cikin masu kamfanin da ya tura jirgin fasinja Sirius daga Turai zuwa Amurka a watan Afrilu 1838. Ya yi kwana 18, gawayinsa ya kusa ƙarewa. Jim kaɗan da isarsa sai ga Great Western, wanda injiniya Isambard Brunel ya tsara, ya iso cikin kwana 15 da ragowar gawayi. Dabarar Brunel lissafi ce: idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfin jirgi sau biyu, cikinsa zai ninku sau takwas, amma turjiyar ruwa sau huɗu ko makamancin haka. Babban jirgi ke nan ya fi tsimin gawayi.

Sai dai girma bai hana haɗama ba. Masu jirage sun yi ta lafta musu kaya suna nitsewa, har a 1876 majalisar Ingila ta tilasta zana layi a jikin jirgi mai nuna iyakar lodi. Wannan ne sashen labarin da ya fi shafar Shagari, inda a watan Afrilu 2022 kwalekwale ya kife da mutane fiye da ashirin, yawancinsu yara.

Saboda haka bai kamata a bar wannan darasi a littafin tarihi kaɗai ba. Wurinsa ajin kimiyya. Malami ba ya bukatar ɗakin gwaji: baho ɗaya na ruwa, gwangwanin madara da tsakuwa sun isa. Ɗalibai su riƙa zuba tsakuwa suna ƙirgawa, su ga yadda bakin gwangwanin yake kusantar ruwa, sa'an nan su girgiza bahon su ga a tsakuwa ta nawa ruwa yake fara shiga. A nan za su ja layinsu da fenti.