A Bar Mu Mu Ɓace Cikin Littafi

A makon jiya an ƙwace littafi a hannun wani ƙanenmu ɗan aji biyu lokacin firef. Ba waya ba ce, ba kuma wani abin kunya ba. Magana Jari Ce ne, littafi na biyu, ya cusa shi cikin littafin lissafi yana karantawa. Ya nutse har malami ya tsaya a kansa bai sani ba, sai da ajin ya fashe da dariya. Mun yarda ya yi laifi, lokacin lissafi na lissafi ne. Amma mu 'yan wannan ƙungiya da muka zauna muka tattauna, sai muka tarar duk cikinmu babu wanda irin wannan bai taɓa samunsa ba.

Wanda bai taɓa ɓacewa cikin littafi ba, da wuya ya gane abin da muke nufi. Kana zaune a kan benci, zafi na dukanka, cikinka na ƙugi, amma kai kana fadar Sarki Abdurrahman. Ka ce bari in ƙarasa wannan shafi, sai ka ga ka ci shafi talatin. An buga ƙararrawar cin abinci ba ka ji ba. Daɗin littafi mai kashi-kashi kuwa ya fi haka, domin in ka rufe na ɗaya ba a yi sallama ba. Mutanen suna nan suna jiranka a na biyu, ka riga ka san halin kowa, ka san wanda za ka yarda da shi da wanda za ka yi wa kallon hadarin kaji.

Alhaji Abubakar Imam ya san wannan sarai. Shi ne ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, sannan ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka fara bugawa a 1937. Ku tuna yadda ya gina na farko. Sarki ya fita yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, yana so ɗan sarki Musa ya fito daga gida ya faɗa hannun abokan gaba. Kullum dare Musa ya shirya zai fita, sai aku ya ɗauko labari, ya ja shi, ya ja shi, har gari ya waye. Ba mashi aku ya riƙe ba, ba ƙofa ya kulle ba. Musa ya shagala da sauraro, shagalar nan kuma ita ta tsirar da ransa. A na biyu akun nan ya zama waziri yana gasar ba da labari da wani aku, Haziƙ, a na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Dabarar tsohuwa ce, da ita Shaharzad ta tsira a Dare Dubu da Ɗaya. Yaran Ingila ma haka suka yi ta jiran Harry Potter, littafi bakwai, daga 1997 har 2007, wasu suka girma tare da shi.

Malamanmu, mun san abin da za ku ce, kuma ba mu raina shi ba: jarrabawa na tafe, aljanu da aku mai magana ba za su amsa tambayar Kimiyya ba. Gaskiya ne. Sai dai ku duba ajujuwanku. Wa ke rubuta insha'in da kuke karanta wa sauran aji? Wa ke iya zama awa biyu a kan takarda bai yi hamma ba? Mu a ganinmu, sau da yawa masu cinye littattafan nan ne. Wanda ya saba bin labari mai rassa, ya riƙe sunaye da yawa a kansa, ya tuna abin da aka ƙulla tun littafi na ɗaya, ba zai tsorata da doguwar tambayar fahimta ba. Karin magana ma a nan muke tsintarta ba tare da an sa mu hadda ba.

Kuma akwai bambanci tsakanin karanta labarin Kalala da Kalalatu don a tambaye ka jigo da salo, da karanta shi kana riƙe ciki don dariyar yadda kajin baƙo suka salwanta. Na farko aiki ne. Na biyu shi ke sa yaro ya koma laburare da ƙafarsa.

To, nan ne matsalar take. Laburarenmu a rufe yake da zarar an tashi daga aji, wato daidai lokacin da muke da sarari. Ranar Asabar ma kwaɗo ne a ƙofar. Magana Jari Ce na ɗaya kwafi biyu ne, na biyu guda ɗaya ne, ƙarshensa ya yage, na uku kuwa tun zangon da ya wuce wani ya ara bai dawo da shi ba. (Kai da ke riƙe da shi, ka ji tsoron Allah, mutum tara ne a layi.) In babu lokacin da aka ware, ai dole yaro ya saci lokacin lissafi, ko ya kwana da tocila a ƙarƙashin bargo ya zo aji yana gyangyaɗi.

Roƙonmu ga shugaban makaranta shi ne a buɗe mana laburare awa ɗaya bayan la'asar, da safiyar Asabar. 'Yan ƙungiyarmu sun yarda su riƙe rajistar aro, su share ɗakin, su bi bashin littafi ɗaki-ɗaki. Wanda aka kama yana karatun labari a firef a hukunta shi, amma a mayar da littafin laburare ranar Juma'a, kada ya tsufa a aljihun teburin ofis. Ƙanen namu ya ce saura shafi goma sha biyu ya kai inda ya yage. Wanda ke da cikakken kwafi a gida, don Allah ya zo da shi bayan hutu, ya miƙa wa sakataren ƙungiya.

Ƙungiyar 'Yan Jarida