Wayoyin 5G sun cika kasuwa: me ake sayar mana, kuma ta yaya za mu gane?

Wanda ya bi ta layin masu salula a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko shagunan Yamai, ya ga yadda kwalaye masu tambarin 5G suke ƙaruwa a kan kanta. Kana ɗaga waya mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan fa 5G ce," sai kuɗinta ya haura na ƴar uwarta da jakunkuna masu dama. Da yawa daga cikinmu mukan biya, don ba wanda yake son a ce ya sayi tsohon yayi. Sai an isa gida an sa pus, a duba saman waya a ga 4G, wani lokacin ma H+, kamar dai yadda tsohuwar take nunawa. Daga nan sai a fara zargin an yi cuta.

Wani lokacin cutar ce, wani lokacin kuma rashin bayani ne. Tukunya ba ta zama a kan dutse guda, haka ita ma 5G sai da duwatsun murhu uku: wayar da aka ƙera da na'urar kama ta, kamfanin da ya samu lasisi ya buɗe ta a kan pus ɗinka, da antenar da ke watsa ta a inda kake tsaye. Mai shago dutse ɗaya kaɗai yake sayarwa. Sauran biyun ba a hannunsa suke ba.

A nan gida kamfanoni huɗu ne muke hulɗa da su, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Télécoms, kuma rezo mafi sauri da mutumin Maraɗi ko Tawa ko Damagaram yake kamawa a wayarsa shi ne 4G. Ita kanta 4G ɗin ba ta cika shekara goma a ƙasar nan ba, kuma da ka bar gudurun ka shiga ƙauye sai ka ga harafin E ya fito, wanda ko saƙon murya na WhatsApp sai ka yi ta jira kafin ya tafi.

To me ya kawo wayoyin? Masu ƙerawa ba don Nijar kaɗai suke yi ba. Tun da Koriya ta Kudu ta buɗe 5G a 2019, kamfanoni suka yi ta sa ta a wayoyinsu, daga masu tsada har ta gangaro zuwa na tsaka-tsaki. Ga kuma maƙwabciyarmu. A watan Disamba na 2021 hukumar sadarwar Najeriya ta yi gwanjon lasisin 5G, MTN da Mafab suka saya, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ya fara aiki da ita a 2022, kuma Kano na cikin birane bakwai na farko. Airtel na can ya biyo baya a 2023. Kowa ya san yawan hajar da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Magarya, ban da wadda ake yo oda daga Dubai da Sin. Kwalin ya riga rezon isowa, shi ke nan.

Yanzu ga yadda za a bincika, tun kuɗi na aljihu.

Kada a tsaya ga sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Kamfanoni sun saba fitar da waya biyu masu suna kusan ɗaya, guda 4G, guda 5G. Misali Samsung Galaxy A14 iri biyu ce: mai lamba SM-A145 4G ce, mai lamba SM-A146 ita ce 5G. Lamba ɗaya tak ta raba su. Haka ake samu a Redmi Note 12, haka a Tecno Camon 20 Pro. Saboda haka a kunna wayar a gaban mai shago, a shiga Paramètres, a gangara zuwa « À propos du téléphone », a karanta lambar samfurin, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. In da intanet a hannu, a rubuta wannan lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, can za a ga irin rezon da take kamawa. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi sani: a Paramètres ɗin dai, a shiga « Réseau mobile », sannan « Type de réseau préféré ». In an ga 5G cikin jerin, alama ce mai kyau. Amma a nan sai mun yi hattara, mu mutanen Nijar musamman. Wasu wayoyin suna ɓoye wannan zaɓi idan pus ɗin da ke ciki na kamfanin da bai buɗe 5G ba ne. Ka ga ke nan waya na iya zama 5G ta gaskiya, ka duba jerin ba ka gan ta ba, ka je ka yi wa mai shago rashin mutunci a banza. A ɗaya gefen kuma, jabun waya ana iya shirya ta ta rubuta duk abin da aka ga dama, har ta ɗora 5G a saman gilashi tana tsakiyar karkara. In ka ga haka a garin da ka san ba antenar 5G, ba sa'a ka yi ba, ajiye ta.

Abin da ke taimakawa wajen gane jabu shi ne lambar IMEI. A danna *#06# kamar za a yi kira, lamba mai ɗauke da alƙaluma 15 za ta fito. Dole ta yi daidai da wadda ke kan kwali. In sun saɓa, ko dai kwalin ba nata ba ne, ko an taɓa wayar.

Akwai wani ruɗani da ke kama har masu ilimi. A ofis ko otel, mutum ya buɗe Wi-Fi sai ya ga suna mai ƙarewa da 5G, wayarsa ta kama, sai ya ce ai ga shi nan. Ba ita ba ce. Wancan yana nufin zangon 5 GHz na akwatin Wi-Fi, abin da wayoyi suka daɗe suna kamawa, kuma ba ruwansa da rezon salula. Suna ne ya zo ɗaya. Haka nan manhajojin da ake yawo da su a WhatsApp da TikTok, wai ka sauke su mayar maka da waya 5G, ƙarya ce tsagwaronta. Na'urar da ke kama 5G a cikin ƙwaƙwalwar wayar take tun daga masana'anta, ba a sauke ta kamar waƙa. Mafi sauƙin abin da irin waɗannan manhajoji za su yi maka shi ne cinye forfe da talla. Mafi muni, su kwashe bayananka.

Masu sha'awar iPhone ta hannu, lissafin nasu mai sauƙi ne: daga iPhone 12, wadda ta fito a 2020, aka fara sa 5G. iPhone 11 da duk na ƙasa da ita ba su da ita, ko da an canza musu baya sun yi kama da sabbi, sana'ar da wasu suka ƙware a kai. A kuma lura da waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka: daga iPhone 14, ba su da wurin sa pus kwata-kwata. Wasu kuma a kulle suke da kamfanin ƙasar da suka fito. A sa pus a yi kira a shagon, kafin a ƙirga kuɗi.

Ko wayar ta tabbata 5G ce, saura tambaya guda: wace 5G? Ba a kan zango ɗaya kowace ƙasa take watsa ta ba. Wanda aka yi gwanjonsa a Najeriya na 3.5 GHz ne, a takardar bayanin waya ana rubuta shi n78, kuma shi ne ƙasashe da yawa suka fara da shi. Mai zuwa Kano sari, in don 5G zai ƙara kuɗi, ya nemi wannan n78 ɗin a rubuce.

A ganinmu, mutum iri biyu ne ƙarin kuɗin zai iya yi wa rana: ɗan kasuwar da ke yawan zama Kano ko Abuja ko Legas da pus na can, da wanda ke sayen waya ya riƙe ta shekara huɗu ko biyar. Ga sauranmu, malamin makaranta, mai kabu-kabu, uwargidan da ke tallar turare da atamfa ta WhatsApp, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, jakunkunan nan sun fi amfani in an zuba su a batir mai ɗaukar caji da wurin ajiya mai faɗi. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar zafin bazara, wayar da ke kwana da caji ta fi wadda ke jiran rezon da bai zo ba.

Kuma ko ranar da ta zo, ba za ta sauka ko'ina lokaci guda ba. Zangon 3.5 GHz yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya cin nisa kamar na ƙasa da shi, ba ya kuma ratsa bango sosai. Yana son antenoni kusa da kusa, da zaren fibar da zai haɗa su, da wuta tsayayyiya. Antenoninmu da dama da janareto da hasken rana suke rayuwa. Duk wanda ya ga yadda 3G da 4G suka shigo ya san tsarin: Yamai tukuna, sai manyan biranen jihohi, karkara kuwa sai ta yi haƙuri. A Najeriyar ma, da ta fara tun 2022, akasarin masu waya har yanzu a kan 4G da 2G suke.

Wani abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mutane da yawa da ke mafarkin 5G ba su ma ci moriyar 4G da ke bakin ƙofarsu ba. Wani wayarsa tana da 4G amma an bar ta a kan 3G tun ranar da aka saya. Wani kuma pus ɗinsa ne tsoho, na tun kafin zuwan 4G, kuma sai an je ofishin kamfani da takardar shaida an canza shi, lambarka tana nan yadda take. Wannan binciken minti biyu ne, a wuri ɗaya da muka ambata a sama, kuma shi ne zai canza maka saurin intanet yau ɗin nan, ba baɗi ba.

Akwai nauyi a kan hukumar ARCEP da kamfanonin: su riƙa faɗa wa jama'a da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu wane rezo ne ke akwai a wane gari, don bayanin da ke cikin Faransanci a shafin intanet bai isa ga mai saye a kasuwar ƙauye ba. Akwai kuma nauyi a kan ƴan kasuwa, waɗanda galibinsu mutanen kirki ne da su ma kwalin suka gani suka saro. Mai shagon da ya ce maka, "Wayar tana da 5G, amma nan garin ba za ka gan ta ba tukuna," shi za ka koma wa gobe. Shi kuwa mai saye, kada ya fita shagon sai da rasit, a rubuta masa lambar samfurin da IMEI a kai, da kalmar 5G in da ita aka yi ciniki. In rigima ta taso daga baya, takardar nan ce za a duba gaban shugaban ƴan kasuwa.