Kilomita 12 kafin asambuli



Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Gwarzo a Kano da ƙarfe bakwai saura na safe zai ga ɗalibai iri biyu. Ga waɗanda suka yi cirko-cirko cikin yunifom suna ɗaga wa Adaidaita Sahu hannu, ana ciniki, ana wucewa a bar su. Ga kuma waɗanda suke wucewa ta gabansu a kan keke, jaka ɗaure a kariya, sun taso tun daga Janguza ko Rijiyar Zaki sun nufi cikin gari. Haka abin yake ga mutanen Dawanau a Titin Katsina da na Mariri a Titin Maiduguri. Gari ya faɗaɗa, iyaye sun koma inda fili da haya suke da sauƙi, amma makarantar da aka samar wa yaro gurbi tana nan inda take.

Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013, Adaidaita Sahu ce ta zama ƙafar ɗalibi. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Ku kun fi mu sanin abin da ya biyo baya a ajinku: akwai kujerar da ba ta da kowa ranar Alhamis da Juma'a, ba don mai ita ba shi da lafiya ba, sai don kuɗin motar makon ya ƙare tun Laraba. Ɗalibin da ke rasa kwana biyu a kowane mako, kafin ya shiga ɗakin jarabawar WAEC ya yi asarar kusan rabin abin da aka koyar. Wannan ne ya sa muka ɗauko maganar keke yau, kuma ba keken zagaya unguwa da yamma muke nufi ba. Muna nufin tafiyar kilomita 10 ko 12 kullum, zuwa da wata irinta dawowa.

Mu fara da lissafi, tunda shi za ku kai wa Baba. Mu ƙaddara kana biyan naira 500 zuwa, 500 dawowa. Zangon karatu yana da kwanakin makaranta kamar 60. Ka ga naira 60,000 ke nan a zango ɗaya, sau uku a shekara. Kowa ya cire namu adadin ya sa nasa, sannan ya je wajen masu sayar da keken hannu ya tambayi farashi. Kada ka manta ka ware wani abu don faci da birki da taya, domin keke ma yana cin nasa. Idan ka je gaban mahaifinka da takarda a rubuce, ka ce, “Baba, ga abin da muke kashewa, ga kuma kuɗin keke,” zai fi sauraronka a kan ka tsaya kana cewa su wane duk an saya musu.

Lokaci kuma fa? Matashi mai lafiya a kan keke na yau da kullum, ba tare da ya wahalar da kansa ba, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya. Wato mai kilomita 12 ya ware awa guda, ya ƙara minti goma na ko-ta-kwana. Za ka ce da yawa. To ka haɗa mintunan da kake ɓatawa a bakin titi kana jira, da na sauka a canza wata motar, da na cinkoso a shataletale, ka gani ko bambancin ya kai yadda kake zato. Abin da ya fi burge mu da keke shi ne ba ya saɓa alƙawari: idan jiya minti 55 ka yi, yau ma kusan haka za ka yi. Kano kuma ta yi mana gata, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba hawa da gangara irin na Jos.

Amma mun ga da yawa da suka fara da zumuɗi, bayan mako biyu keken ya koma jingine a zaure. Yawanci ba ragwanci ba ne, keken ne ba a daidaita shi ba. Babban mai laifi shi ne sirdi. Da yake yawancinmu mun koyi keke ne muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken Baba, mun saba da son jin ƙafa a ƙasa, sai mu sauke sirdi har ƙarshe. A tafiyar minti biyar ba komai, amma a tafiyar awa ɗaya gwiwa ce za ta biya. Ga yadda ake aunawa: ka zauna a sirdi, wani ya riƙe maka keken, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak, tsayin ya yi. In ka zo tuƙi sai ka taka da gaban tafin ƙafa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan.

Na biyu iska. Tayar da ba ta cika ba tana shan ƙarfinka a banza, kuma ita ce ke saurin fashewa idan ka faɗa rami, saboda ƙarfen ƙafar yana matse tiyub ya huda shi. A jikin kowace taya an rubuta adadin iskar da take ɗauka. Ko ba ka da ma'auni, ka danna da babban yatsa kowace safiya. In ta lotsa, a ƙara. Sarƙa kuma tana son mai, amma ba wanka da baƙin mai ba. A lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da man ta zama kamar yashi mai cin ƙarfe. Ka fara goge ta da tsumma, ka ɗiga kaɗan, ka sake goge wanda ya yi yawa. Kuma don Allah ka koyi faci da hannunka. Ka zauna wajen mai faci na unguwarku rana ɗaya ka kalli yadda yake cire tiyub, ya tsoma a ruwa ya nemo inda kumfa ke fita, ya kankare wurin, ya shafa sholisho ya bari ya sha iska kafin ya manna. Ƙaramin famfo da kayan faci a jaka sun fi tura keke kilomita uku kana neman wanda ya buɗe rumfa da sassafe.

Jikinka ma inji ne. Kada ka fita ba ka sa komai a ciki ba, ko da koko da ƙosai ne. Gorar ruwa dole ce, musamman a dawowa, domin ana tashi ne da tsakar rana, kuma a watan Afrilu zafin Kano yana kai maki 40. Idan ka ji jiri ko ciwon kai, ka sauka ka nemi inuwa, ba jarumta ba ce ka ci gaba. A watan azumi kuwa, ka rage gudu, in ka ga ba za ka iya ba ka koma mota har a sha ruwan salla. Jaka a kariya take zama, ba a gadon baya ba, in ba haka ba ka isa aji riga sharkaf. Ƙafar wando ta dama kuma a ɗaure ta da roba kada sarƙa ta cinye ta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi komai, wato titi. A nan ba za mu ɓoye muku ba, titunanmu ba a yi su da mai keke a rai ba, kuma idan aka yi karo kai ne ba ka da ƙarfe a jikinka.

A zamaninmu na sakandare mu biyar ne muke fitowa daga unguwa ɗaya. Muna da wata muguwar al'ada da muke ɗauka ƙwarewa ce: idan tifa ta rage gudu a kwana, sai mu kama ƙarfen bayanta da hannu ɗaya ta ja mu, muna hutawa muna dariya. Wata safiya direban ya kauce wa rami ba zato. Ɗayanmu, wanda ya fi mu iya keke nesa ba kusa ba, ya tsinci kansa a kan kwalta da karaya a hannun dama, saura kwana tara a fara jarabawar ƙarshen shekara. Allah Ya kiyaye motar da ke bayansa ta sami birki. Bai rubuta jarabawar ba, ya maimaita aji, mu muka wuce muka bar shi. Direban tifar bai ma san an yi ba, domin tun farko bai san muna wurin ba.

Wannan ita ce gaskiyar manyan motoci. Direban tirela ko tifa yana da wuraren da ba ya gani ko kaɗan: dab da bayansa, dab da gabansa, da kuma gefensa na dama, wanda shi ne daidai inda mai keke yake bi. Idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da gefen titi a kusa da kwana, domin idan ta karya dama tayoyin bayanta suna yanko hanya su shigo inda kake. Ka tsaya a baya ta wuce. Daƙiƙa goma ce.

Adaidaita Sahu kuma halinta daban. Da zarar direba ya hango fasinja zai yanko gefe ya tsaya, ko da sigina ko babu. Ka bar tazara, yatsunka a kan birki. Motar da ke fake ma kada ka goge ta, ka bar kamar taku ɗaya, don ƙofa tana iya buɗewa a fuskarka. Ka bi hannunka na dama tare da motoci. Masu bin hannun da ba nasu ba suna cewa gara su riƙa ganin abin da ke zuwa, amma direban da zai fito daga layi ba ya duba ta inda ba ya tsammanin kowa, kuma idan aka yi gaba da gaba, gudunka da nasa ne suke haɗuwa. Birki kuma a kama duka biyu tare. Na gaba ya fi ƙarfi, amma in ka damƙe shi shi kaɗai a kan yashin gefen titi, ƙasa za ka sha. Da damina, idan ƙarfen ƙafa ya jiƙe, birki ba ya ci nan take, sai ka fara kamawa tun da nisa.

Akwai wani abu da mutanen yammacin gari ya kamata su lura da shi. Da safe gabas kuke nufa, rana tana cikin idonku, tana kuma cikin idon direban da ke bayanku. Haɗa da hazon Disamba da Janairu, sai ka zama inuwa kawai. Fitila ja a baya da abin ƙyalli a feda ba ado ba ne. Hular kwano ma haka, ko za a yi maka dariya kwana biyu. Abin jin kiɗa a kunne kuwa, a bar shi a jaka, kunnenka shi ne madubinka.

Mun san akwai masu keke a gida amma kunya ta hana su hawa, wai kada a ce gidansu babu. A ƙasar Holan, wadda ba a sa ta cikin matalauta, kekuna sun fi mutane yawa, kuma a lokacin da Mark Rutte yake firaminista ya kasance yana zuwa ofis a kan keke. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wurin ajiye kekuna 12,500. Su ma ba haka suka tashi suka gani ba. A farkon shekarun 1970 motoci suna kashe yara da yawa a titunansu, iyaye suka fito suka matsa wa hukuma, ga kuma tsadar man fetur ta 1973, daga nan aka shiga gina wa keke hanyarsa daban. Mu ba mu kai nan ba, amma abin da ke kusa da hannunku shi ne makarantarku. Ku haɗu ku rubuta wa shugaban makaranta, ko a kai maganar taron iyaye da malamai, a ware wuri mai inuwa kusa da maigadi, a kafa ƙarfen da za a riƙa ɗaure keke. In za ka kulle, ka haɗa da jikin keken, ba taya kaɗai ba. Lambar da ke jikin ƙarfensa kuma ka rubuta ta a bayan littafinka, ka adana rasit.

'Yan mata, ba mu manta da ku ba, kuma ba za mu yi kamar ba mu san cewa a gidaje da yawa ba a barin budurwa ta hau keke ba. Wannan shawara ce ta iyaye. Abin da za mu iya shi ne mu ajiye musu labari ɗaya. A 2006 gwamnatin jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Da masana suka bibiyi shirin, sun gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma an fi ganin tasirin a ƙauyukan da makaranta take da nisa. Nisan da ke sa namiji ya makara, shi ne yake sa a ce wa mace ta zauna a gida gaba ɗaya.

Ga aikin wannan makon ga duk mai niyya. Kada ka fara ranar Litinin. Ranar Asabar da safe, bayan ka nemi izini a gida, ka sami aboki ɗaya ku hau har ƙofar makaranta ku dawo. Ku duba agogo, ku lura da inda ramuka suke da inda masu faci suke zama, ku gwada ko akwai layin cikin unguwa da zai raba ku da babban titi ko da ya ɗan fi tsawo. A makon farko ku yi kwana biyu ko uku kawai, cinya za ta yi tsami, daga baya ta saki. Wanda ya gwada ya rubuto mana unguwarsu, da kilomita nawa ne, da minti nawa ya yi, za mu buga a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.