Wasiƙa Zuwa ga Masu Lissafin Kiristal: Ku Binciki Isnadin Lambobinku

Ƙannena kuma abokan aikina,

Wannan takarda taku ce, ku da kuke kwana a gaban kwamfuta kuna jera ƙwayoyin zarra cikin ɗan akwati, kuna neman sanin taurin abu, ko yadda lantarki ke ratsa shi, ko irin hasken da yake sha, tun kafin wani ya haɗa shi a ɗakin gwaji. Ina ƙaunar wannan sana'a, kuma ina farin ciki da yawan matasan da ke shigowa cikinta. Ƙofa ta buɗe mana: manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce, makarantar ASESMA da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010 ta horar da 'yan Afirka da dama, kuma wanda ba shi da na'urar awo ta miliyoyin daloli yana iya yin bincike na gaske da kwamfutar cinya da haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata jimla ce da ba ta ƙarewa a rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba: an yi amfani da ƙiyasin PBE saboda shi kowa yake amfani da shi. Sai a manna mata lambobin manazarta uku ko huɗu. In na tambayi marubucin ko ya karanta waɗannan maƙalu, yakan sunkuyar da kai. In na ƙara da tambayar me ya sa PBE ya dace da abin da yake lissafawa, amsar ɗaya ce: an ambace shi sau dubbai.

Gaskiya ne an ambace shi. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Goma sha biyu daga cikin ɗarin sun shafi DFT, hanyar da muke aiki da ita, biyu kuwa suna cikin goman farko: ta Lee da Yang da Parr ta 1988, da ta Becke ta 1993. Maƙalar Perdew da Burke da Ernzerhof ta 1996, wadda ta haifi PBE, tana cikin ashirin na sama. Amma ku lura da wadda ba ta sami shiga ba: maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan tsarin DNA. Dalili a fili yake. Babban gano abu yakan shige littattafan makaranta a daina ambatonsa, kayan aiki kuwa duk wanda ya taɓa su dole ya faɗi na wa ya ara. Saboda haka yawan ambato yana gaya muku mutum nawa suka riƙe wannan fartanya. Bai gaya muku ko za ta nome irin taku ƙasar ba.

Labarin George Sheldrick ya isa misali. A 2008 ya buga taƙaitaccen tarihin manhajarsa ta SHELX, wadda masu warware tsarin kiristal ke amfani da ita, a mujallar Acta Crystallographica A, ya kuma nuna cewa masu amfani da manhajar za su iya ambatar wannan maƙala. Ma'aunin tasirin mujallar, wanda yake wajen 2, ya yi tsalle zuwa kusan 50 a shekara guda, har ya zarce na Nature da Science. Da shekaru biyun da ake ƙirga ambato a cikinsu suka wuce, sai ya koma inda ya fito. Editocin ba su canza ba, sauran maƙalun ba su ƙara kyau ba, ba su ragu ba. Maƙala ɗaya ce ta ɗaga matsakaicin lissafi. Shi kansa Eugene Garfield, wanda ya kawo shawarar kundin ambato a 1955, ya ƙirƙire shi ne domin mai bincike ya bi sawun ra'ayi, ya ga wa ya gina a kai, wa kuma ya rushe shi.

Mu da muka tashi a gaban malaman zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mun san isnadi. Mun san cewa ba a karɓar magana don kawai ta yaɗu a gari. Ana tambayar wa ya ji daga wa, ya riske shi ko bai riske shi ba, haddarsa tana da ƙarfi ko tana zuba. Mun san sunan da ake kiran wanda ya ɓoye mutumin da ya ji daga bakinsa, ya jingina maganar ga na sama kamar shi ya ji da kunnensa: tadlisi ke nan. To, wanda ya kwafi jerin manazarta daga gindin maƙalar wani, ya zuba a tasa kamar ya karanta, me ya yi in ba wannan ba?

An ma auna yawan wannan ɗabi'a, kuma a fagenmu aka auna. Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis sun ɗauki maƙalar Kosterlitz da Thouless ta 1973, aikin da ya kai marubutanta ga lambar Nobel a 2016, suka bi masu ambatonta kusan 4,300. Sun sami 196 da suka yi kuskure wajen rubuta shafi ko juzu'i ko shekara. Kura-kuran iri 45 ne kacal, kuma guda ɗaya an maimaita shi sau 78. Mutum 78 ba za su zame a wuri ɗaya ba sai in daga allo ɗaya suka kwafa, kamar yadda kuskuren marubucin hannu ke bin duk littafin da aka juya daga nasa. Daga nan suka ƙiyasta cewa wajen kashi 20 cikin 100 na masu ambato ne suka karanta asalin. Ana iya jayayya da wannan adadi, don mutum yana iya karanta maƙala kuma ya kwafi adireshinta daga wani wuri. Duk da haka na yarda da jigon maganar, domin ta faru da ni. Ina ɗalibi na ɗauki faɗin giɓin makamashi na wani sinadari daga maƙala, na rubuta shi a matsayin sakamakon awo. Bayan watanni na bi silsilar: wannan ya ɗauko daga wancan, wancan daga wani, har na isa tushe, sai na tarar lambar lissafi ce, ba wanda ya taɓa auna ta. Na yi watanni ina gwada lissafina da lissafin wani, ina ganin da duniyar zahiri nake gwadawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tun daga ranar ban ƙara rubuta lambar awo ba sai na ga na'urar da aka yi amfani da ita da zafin da aka auna a kai.

Yanzu ga inda abin ya fi cin rai, wato ita kanta kimiyyar. Hohenberg da Kohn a 1964, sannan Kohn da Sham a 1965, sun nuna cewa daga yadda elektiron suka bazu a cikin abu ana iya samun makamashinsa na ƙasa. Ka'idar ingantacciya ce, amma akwai wani yanki na hulɗar elektiron da ba wanda ya san ainihin siffarsa, shi ne muke cikewa da ƙiyasi: LDA, PBE da 'yan'uwansu. Kowane ƙiyasi da halinsa, kamar yadda kowane maruwaici yake da inda haddarsa ke rauni. LDA yakan matse kiristal, PBE yakan ɗan kumbura shi: faɗin ɗakin silikon a awo angistrom 5.43 ne, PBE yana ba da wajen 5.47. Wannan ƙaramin abu ne. Giɓin makamashi shi ne babba. Na silikon a tsananin sanyi eV 1.17 ne, PBE kuwa wajen 0.6 yake bayarwa, rabi ke nan. Kuzar da aka yi shekaru ana haƙa a Jos, wato SnO2, giɓinta 3.6 ne, PBE ba ya ko kai ta 1. Ƙarfe da kowane maƙeri ya san mayen ƙarfe yana kama shi, LDA cewa yake tsarinsa mafi zama daram ba mai maganaɗisu ba ne. Girafait, baƙin cikin fensir, PBE da ƙyar yake riƙe shimfiɗunsa wuri ɗaya in ba a ƙara masa gyaran ƙarfin van der Waals ba. A TiO2 kuma yana fifita anatas a kan rutil, saɓanin abin da aka sani daga gwaji. Duk waɗannan sanannu ne, suna nan a rubuce. Wanda ya karanta abin da yake ambata ba za su zo masa a ba-zata ba.

Mafi haɗari shi ne ranar da lambarku ta dace da awo. Masu aikin perovskait na hasken rana, ku saurara da kyau, don na san kuna da yawa. In ka lissafa CH3NH3PbI3 da PBE zalla, giɓin da za ka samu yana kusa da 1.6, daidai da awo, sai murna ta kama ka. Kama da wane ba wane ba ne. Dalma ƙwayar zarra ce mai nauyi, tasirin haɗuwar juyin elektiron da kewayensa yana da ƙarfi a cikinta. In ka sa shi a lissafi giɓin zai faɗi da kusan eV guda. Kurakurai biyu ne suka ci karo suka kashe juna. Da zarar ka musanya dalma da kuza, wannan sa'a ta ƙare, hasashenka ya kauce. Wanda yake son giɓi na gaskiya sai ya haɗa wannan tasiri da hanya mai tsada irin HSE06 ko GW. In na'urarka ba za ta ɗauka ba, babu abin kunya. Ka rubuta ƙarara cewa lambar ta PBE ce, kuma an san tana gazawa.

Haka nan CsPbI3 mai siffar murabba'i da ake yawan lissafawa. Lissafinmu na yau da kullum na sifirin zafi ne, wannan siffa kuwa sai da zafi sama da digiri 300 take zama; a zafin ɗaki rikiɗewa take zuwa wata rawaya da ba ta da amfani ga farantin sola. Kafin ka yi shelar sabon sinadari, ka lissafa girgizar ƙwayoyinsa. In ka ga girgiza mai lamba ƙasa da sifiri a zanen, kiristal ɗin yana gaya maka ba a haka yake son zama ba.

Na san halin da kuke aiki a ciki. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar lissafi, batir ya mutu, aikin kwana biyu ya tafi. A irin wannan hali zuciya takan raya wa mutum ya ari iyakar makamashi da ragar k daga maƙalar wani ya wuce. Ina roƙonku kada ku yi. Waɗannan lambobi sun dogara ga fayil ɗin da ke wakiltar cikin ƙwayar zarra, da girman ɗakin, da kuma abin da ake nema: ragar da ta isa ga makamashi ba lallai ta isa ga taurin abu ko girgiza ba, kuma ƙarfe ya fi abin da ba ya ɗaukar lantarki bukatar raga mai ƙananan ido. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ƙara su kaɗan-kaɗan har amsar ta daina motsi, ka ajiye jadawalin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, yini ɗaya ya isa. A 2016 wata babbar tawaga ƙarƙashin jagorancin masu bincike na Jami'ar Ghent a Beljiyam ta buga a Science gwajin manhajoji 15 a kan kiristal na sinadarai 71. Sabbin hanyoyin sun yi ittifaƙi sosai, tsofaffin fayiloli kuwa sun fi kaucewa. Darasi biyu na ɗauka: manhajar kyauta ba ta gaza ta kuɗi ba, don haka kada rashin lasisin manhajar VASP ya karya muku gwiwa, na biyu kuma, dukkansu PBE suke warwarewa, saboda haka haɗuwar bakinsu shaida ce a kan lissafi, ba a kan halitta ba.

Ban manta da kwamitin ƙarin girma ba, wanda ke ƙirga maƙalu da ambato. Jorge Hirsch da ya ƙirƙiro lambar h a 2005 ɗan fagenmu ne, masanin daskararrun abubuwa a San Diyego, kuma lambar tasa ta zama ma'aunin da ake ɗora rayuwar mutane a kai. Ina ganin abin da take haifarwa: a ɗauki sinadari ɗaya, a canza ƙwayar zarra guda, a fitar da maƙala, a sake canzawa a fitar da wata, kowace tana ambatar 'yan'uwanta, ko abokai su yi adashen ambato, yau naka gobe nawa. Ba na zargin wanda ke neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Amma masu nazarin ambato suna ganin waɗannan zobba a taswirarsu ƙuru-ƙuru, kuma duk shekara ana dakatar da wasu mujallu daga jerin ma'aunin tasiri saboda haka. Sanarwar DORA ta San Faransisko ta 2012 da ta Leiden ta 2015 duk sun nemi a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki. In kun zauna a kwamiti wata rana, ku tafi da su.

In ƙarancin ambato ya dame ku, ku riƙa tunawa da Philip Wallace na Kanada. A 1947 yana nazarin girafait, sai ya fara da lissafin shimfiɗa ɗaya tak don sauƙaƙa wa kansa aiki. Shekaru da yawa maƙalar tana hannun 'yan tsirarun masu aikin girafait. Da Geim da Novoselov suka ɓanɓaro girafin, wato wannan shimfiɗa ɗaya, a Manchesta a 2004, sai duniya ta koma ta tarar lissafin yana nan daidai yana jiranta, bayan shekara 57.

Ga abin da nake roƙo a maƙalarku ta gaba. Ku buɗe takardar PBE ta 1996, shafi huɗu ce kacal, ku karanta har da gyaran da marubutan suka fitar a 1997. Duk lambar awo da za ku sa a jadawali, ku bi ta har ɗakin gwajin da ta fito, ku rubuta zafin da aka auna ta. Wadda kuka kasa samun asalinta, ku ce a wurin wane kuka gan ta. Ku faɗi sunan fayilolin da kuka yi amfani da su da sigar manhajar, ku ajiye fayilolin shigarwa inda ɗalibi a Kano ko Yamai ko Akara zai iya saukewa ya maimaita. Wanda ya maimaita naku ya sami wata lamba dabam, ku roƙe shi ya aiko muku da nasa fayil ɗin, ku zauna ku duba tare.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sana'a.