Wa Ya Ɗora Su A Sama?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, ni kuwa ta ishe ni: "ai shi ne na farko a Google." Da ita ake kashe gardama a fada, da ita ake kare ekspoze gaban malam, da ita wani ke tura wa abokinsa shafin neman bursu. Sai ka ce wanda ya zo na farkon nan jarrabawa ya ci. To wa ya gyara takardar?

Da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu mai sauƙi ce. Duk mahaɗin da wani shafi ya sa zuwa naka, wato liyan ɗin nan shuɗi da muke latsawa, ana ƙirga shi kamar ƙuri'a, kuma ƙuri'ar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Suka sa wa abin suna PageRank. Dabara ce mai kyau in mutane don Allah suke nuna juna. Amma mu da muka sha ganin zaɓe, mun san duk inda ƙuri'a ta yi daraja, mai turmin atamfa da buhun shinkafa yana hanya.

Haka kuwa aka yi. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona asirin babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney. Wata da watanni, ka nemi rigar mata ko kayan shimfiɗa, shi ne a sama. Ashe dubban mahaɗai aka barbaza a shafukan da ba ruwansu da tufafi, duk suna nuna shi. Kantin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin. Google ya jefo shi ƙasa, amma fa bayan ɗan jarida ya kai hujja, kuma cinikin ƙarshen shekara ya riga ya shiga aljihu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Overstock, shi ma cikin watan nan, don da ɗalibai irinmu aka yi amfani. Kamfanin ya yi wa ɗalibai da ma'aikatan jami'o'i rangwame, aka sa masa mahaɗai a shafukan jami'o'in. Mutuncin makaranta, wanda aka yi shekaru ana tarawa, aka ba da aronsa don ragin kuɗin kaya. Shi kansa Google bai tsira ba: a Janairun 2012 ya hukunta shafinsa na Chrome na kwana 60, saboda rubuce-rubucen tallan da aka biya kuɗi aka yi masa.

Daga nan aka fito da Penguin a Afrilun 2012 don farautar mahaɗan bogi. Dokar kuma a fili take: ka sayar da mahaɗi in ka so, amma ka sa masa alamar da za ta hana a ƙirga shi ƙuri'a. Mai saye kuwa ba ya son alamar. Ƙuri'ar ya zo saye.

Na san abin da za ku ce: shi Google ɗin ba sayar da saman shafi yake ba? Yana yi, kuma ba lauyansa ba ne ni. Su Page da Brin da kansu sun rubuta a 1998 cewa injin binciken da talla ke ciyarwa zai karkata wajen masu talla. Sai dai wancan ko banza an rubuta masa alamar talla, mai ido ya tsallake. Mahaɗin saye kuwa shigar shaida yake yi ya zauna cikin masu gaskiya.

Yanzu gare ku, masu ƙananan shafuka daga Maraɗi har Damagaram, masu sa labarin ƙwallo da darussan BAC. Saƙo zai zo: ga jika goma, sa mana liyan guda cikin rubutunka, na caca ko na maganin da ke warkar da cuta arba'in. Kuɗin forfe ne, na yarda, kuma bursu ba kullum take zuwa kan lokaci ba. "In ban karɓa ba wani zai karɓa." Haba! Ai kalmar mai sayar da ƙuri'a ke nan, ba ragi ba ƙari. Ku tuna rubutun Hausa a intanet bai kai na Faransanci yawa ba, kuma zaɓen da ƴan takara suka yi kaɗan, ƙuri'a kaɗan ke juya shi. Wanda zai biya ƙanenka ne, da zai tura "kuɗin dosiye" ga shafin bursun da babu ita, ko ƙanwarka mai neman bayanin zazzaɓin ɗanta da tsakar dare, ta faɗa hannun mai tallan gari a kwalba.

Ni dai daga yau duk wanda ya ce mini "na farko ne a Google", sai ya gaya mini wa ya rubuta shafin, kuma me yake sayarwa. Mai neman bursu kuwa, ANAB tana nan Yamai, shafin jami'ar da yake so shi ma yana nan, ko da sai ya gangara shafi na uku kafin ya same shi.