Mai Kankana Ma Tana Da Suna

Akwai wani fim da nake ganin ya kamata mai nazarin adabi ya san da zamansa. Sunansa The Watermelon Woman, wato Mai Kankana, wanda Cheryl Dunye, Ba'amurkiya haifaffiyar Laberiya, ta rubuta, ta ba da umarni, kuma ta fito a cikinsa a 1996.

Labarin wata budurwa ce baƙar fata, 'yar maɗigo, mai aiki a shagon hayar kaset a Filadelfiya, wadda ba ta da buri sai ta zama mai shirya fim. Tana cikin kallon finafinan shekarun 1930 sai ta lura da wata baƙar 'yar wasa da kullum ake ba ta matsayin 'yar aikin Turawa, ko sunanta ba a rubutawa, sai dai a ce Mai Kankana. Nan ta ɗauki kyamara ta shiga cigiya, daga gidan mahaifiyarta zuwa ɗakunan ajiye tarihi, ga barkwanci tsakaninta da ƙawarta Tamara. Da ƙyar ta gano sunan matar Fae Richards.

Sai a ƙarshe Dunye ta fasa ƙwai: ba a taɓa yin Fae Richards ba. Ƙirƙirar ta ta yi, hotunan ma shirya su aka yi. Wani zai ce yaudara ce. Ni kuwa ina ganin nan hikimar take, domin matan da aka binne sunayensu na gaske ne, sai dai babu takardar da za ta shaide su.

Na san da yawanmu jigon soyayyar da ke ciki zai hana su kallo. A Amurka ma an yi ta ce-ce-ku-ce, har ɗan majalisa Peter Hoekstra ya soki tallafin dala 31,500 da hukumar raya fasaha ta ba fim ɗin. Duk da haka ya ci kyautar Teddy a Balin a 1996, kuma a 2021 aka sa shi cikin kundin finafinan ƙasar.

Aikin manazarci fahimta ne kafin hukunci. Mu ma a kundayenmu na digiri, sau nawa muke rubuta "wata tsohuwa" ko "wata zabiya" a gurbin sunan wadda ta ba mu tatsuniya ko waƙa? In ta yarda, a rubuta sunanta da garinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.